Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Masu Maganin Taɓin Hankali Da Su Ma Suka Sha Jinya

Kalmar jinya a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta. Idan aka ce wane yana jinya, mai yiwuwa ne shi ke kwance ba lafiya, mai yiwuwa kuma shi ke zaune a gefen tabarmar mara lafiya yana yi masa fifita. A asibitin zamani kuwa an raba waɗannan mutane da farar riga da tebur, wannan likita, wancan mara lafiya, na can kuma ɗan'uwan da ya kawo shi. Rabon ya fi tsanani a fannin taɓin hankali, inda jama'a suka ɗauka cewa wanda ke riƙe da alƙalami da makullin ɗakin magani lalle hankalinsa bai taɓa girgiza ba, kuma babu mai irin wannan ciwo a gidansu.

Ba haka abin ya ke ba. A cikin likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jinya akwai da yawa waɗanda su da kansu ke shan maganin da su ke rubuta wa wasu, akwai kuma waɗanda idan sun tashi aiki sukan koma gida su tarar da uwa ko ƙane ko ɗa mai irin ciwon da suka wuni suna dubawa. An daɗe ana rufe wannan magana, amma a cikin shekaru 30 da suka wuce ta fito fili a Amurka da Ingila, har ta sake yadda a ke horon ma'aikata da yadda a ke duba su idan sun kwanta.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

A shekarar 2018 wasu masana na Jami'ar Landan suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa masana halayyar ɗan Adam su 678 masu duba marasa lafiya a Birtaniya, ba tare da an nemi kowa ya faɗi sunansa ba. Kusan kashi 63 cikin ɗari suka amsa cewa sun taɓa fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Waɗanda suka gaya wa wani kuwa, galibi iyali da abokai suka gaya wa, ba su cika gaya wa shugabanninsu na wurin aiki ba, saboda kunya da tsoron a raina iyawarsu.

Har wa yau a shekarar 2022 aka buga wani bincike da ya haɗa malamai da ɗaliban wannan fanni kusan 1,700 a jami'o'in Amurka da Kanada. Fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce sun taɓa shiga wani hali na damuwar ƙwaƙwalwa, kusan rabinsu kuma likita ya taɓa tabbatar musu da ciwon. Dole a lura cewa a irin wannan bincike wanda abin ya shafa ya fi saurin amsawa, saboda haka adadin yana iya ɗarawa kaɗan bisa ga gaskiya. Duk da haka ya isa ya nuna cewa farar riga ba ta kare kowa.

TUN DAGA ASIBITIN FARIS

Wani abin mamaki shi ne, tun farkon tarihin wannan fanni akwai hannun tsofaffin marasa lafiya a ciki. A shekarar 1771 aka kwantar da wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Pussin a asibitin Bicetre na birnin Faris saboda ciwon tarin fuka da ya kama masa wuya. Da ya warke sai aka ɗauke shi aiki, har a 1784 ya zama mai kula da sashen masu taɓin hankali. Pussin ya hana ma'aikata dukan marasa lafiya, ya kuma riƙa zaɓen masu yi masa hidima daga cikin waɗanda suka ji sauƙi, domin ya lura sun fi tausayi da haƙuri. Likita Philippe Pinel, wanda ya zo asibitin a 1793 kuma duniya ta fi saninsa, ya koyi abubuwa da yawa a hannunsa, kuma Pussin ne ya kwance wa marasa lafiyar Bicetre mari a shekarar 1797.

Bayan haka sai fannin ya ƙara zama na masu takardar shaida, tazara ta ƙara faɗi tsakanin mai magani da mai karɓa. Duk ma'aikacin da ciwon ya taɓa, abin da ya sani shi ne ya kama bakinsa.

WAƊANDA SUKA FITO FILI

Cikin waɗanda suka karya wannan al'ada babu kamar Farfesa Kay Redfield Jamison ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka. Ciwonta shi ne wanda a ke kira baifola, watau ciwon da kan ɗaga mutum sama har ya daina barci, ya yi ta surutu da ɓarnar kuɗi yana jin babu abin da ya fi ƙarfinsa, sa'an nan ya kayar da shi cikin baƙin ciki mai tsanani na watanni. Ciwon ya taso mata gadan-gadan a 1974, 'yan watanni bayan ta fara koyarwa a sashen ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ta san littafi sarai, ta san maganin litiyam shi ne ke riƙe masu wannan ciwo, amma ta yi shekaru tana sha tana bari, har ta kai ga yunƙurin halaka kanta tana da shekara 28. A 1990 ita da Likita Frederick Goodwin suka wallafa babban littafin da likitoci ke dogara da shi a kan wannan ciwo, ba tare da masu karatu sun san ɗaya daga cikin marubutan tana ɗauke da shi ba. Sai a 1995 ta ba da labarin kanta a littafin An Unquiet Mind.

Abin lura ga ma'aikata shi ne yadda ta tsara aikinta kafin ta fito fili. Ta gaya wa likitocin da ke aiki kusa da ita halin da ta ke ciki, ta kuma ba su izinin su tuntuɓi likitanta kai tsaye, su dakatar da ita idan suka ga alamar hankalinta ya fara karkata. Fitowar kuma ba ta zo a banza ba, domin bayan littafin ta bar duba marasa lafiya, ta koma ga koyarwa da rubutu.

Ita kuwa Farfesa Marsha Linehan ta Jami'ar Washington sai da ta kai shekara 68 kafin ta buɗe baki. A 1961, tana da shekara 17, aka kwantar da ita a wani asibitin ƙwaƙwalwa a garin Hartford, ta yi wata 26 a can tana yanka jikinta tana ƙona shi da taba, aka yi mata maganin lantarki, aka sha kulle ta a ɗaki ita kaɗai. Bayan ta fito ta yi karatu har ta sami digirin digirgir a 1971, ta duƙufa kan mutanen da likitoci ke gudu, watau masu yawan cutar da kansu da yunƙurin kisan kai. Hanyar da ta ƙago ta tsaya kan abu biyu da a ke riƙewa tare: mutum ya karɓi kansa da halin da ya ke ciki, kuma ya koyi dabarun sake halin. Gwajin da ta buga a 1991 ya nuna hanyar tana rage cutar da kai da yawan kwanakin asibiti, yau kuma ana aiki da ita a ƙasashe da dama. A watan Yuni na 2011 ta koma wancan asibiti na Hartford, ta tsaya gaban likitoci da iyalinta ta faɗi abin da ya same ta shekara 50 da suka wuce.

Akwai kuma Frederick Frese, hafsan sojan ruwan Amurka wanda ciwon sikizofireniya ya kama yana da shekara 25. Wannan shi ne ciwon da kan sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ko ya gaskata ana bibiyarsa da sharri. A 1968 kotu a jihar Ohayo ta yanke cewa ba shi da hankali, ta sa aka tsare shi. Shekara 12 bayan haka sai ga shi shugaban sashen masana halayyar ɗan Adam a wani babban asibitin ƙwaƙwalwa na jihar nan, ya kuma riƙe muƙamin shekara 15. Ya rasu a 2018. A Ingila, Likita Mike Shooter, wanda ya shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya daga 2002 zuwa 2005, ya faɗa a fili cewa yana fama da ciwon baƙin ciki tun yana ɗalibi. Likita Ahmed Hankir, wanda iyayensa mutanen Labanan ne, ciwon ya kayar da shi yana ɗalibin likita a Manchester lokacin yaƙin Labanan na 2006. Ya farfaɗo ya gama karatu, ya riƙa zagaya makarantun likitoci yana ba ɗalibai labarinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar yabo a 2022.

MASU JINYAR 'YAN'UWANSU

Rukuni na biyu su ne ma'aikatan da ciwon ya shiga gidansu. Likita Fuller Torrey yana ɗalibin jami'a a ƙarshen shekarun 1950 sikizofireniya ta kama 'yar'uwarsa. A zamanin nan ra'ayin da ya yi ƙarfi a Amurka shi ne wai irin tarbiyyar gida, musamman halin uwa, ita ke jawo ciwon, saboda haka iyaye kan je asibiti da nauyin jinya su komo da nauyin zargi. Torrey ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da wannan ra'ayi, yana nuna cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar sauran cututtuka, a 1983 kuma ya rubuta littafin jagora domin iyalai, wanda aka yi ta sake bugawa.

Shi kuma Xavier Amador, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi shekaru yana gardama da ɗan'uwansa mai wannan ciwo a kan shan magani, kullum sai a rabu dutse a hannun riga. Binciken da shi da abokan aikinsa suka buga a 1994 ya nuna cewa fiye da rabin masu sikizofireniya ba su gane ba su da lafiya, kuma sau da yawa wannan rashin ganewa alama ce ta ciwon kansa, ba taurin kai ba ne. Daga nan ya tsara wata hanya mai mataki huɗu wadda a ke koya wa iyalai da ma'aikata har da 'yan sanda: ka saurari mara lafiya ba tare da musu ba, ka nuna ka fahimci damuwarsa, ka nemi abin da ku biyu kuka yarda da shi, kamar son ya zauna a gida ko ya sami aiki, sa'an nan ku haɗa kai a kan wannan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Da wuya a ce wannan dabara za ta fito daga wanda bai taɓa zama da mara lafiya dare da rana ba.

Sai dai ma'aikacin da ke jinya a gida yana da nasa nauyin. Dangi sukan sakar masa kome, su ce ai kai ne likita. Abokan aiki kuma ko dai su ƙi sauraronsa don kada a ce ya tsoma baki, ko su bar masa yanke shawarar da bai kamata ɗan'uwa ya yanke ba. Shi ya sa hukumomin likitoci ke gargaɗin kada likita ya zama shi ne mai rubuta wa iyalinsa magani sai bisa larura.

SAKAMAKON ƁOYEWA

Dalilin da ya sa ma'aikata ke ɓoye ciwo a fili ya ke: tsoron rasa lasin aiki, da tsoron a tsallake mutum wajen ƙarin girma, da kunyar zama a layi ɗaya da waɗanda ya ke dubawa. Wani bincike na 2017 a Amurka ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na likitoci za su yi nauyin jiki wajen neman maganin ƙwaƙwalwa saboda tsoron abin da zai sami lasinsu.

Abin da ya farkar da Ingila shi ne rasuwar Likita Daksha Emson, wata haziƙar likitar ƙwaƙwalwa a Landan mai shekara 34. Tana da ciwon baifola tun tana ɗaliba, ta kuma ɓoye shi ga kusan kowa a wurin aiki don kada ya tare mata hanya. Ta dakatar da magani saboda haihuwa da shayarwa, ciwon ya dawo mata da ƙarfi bayan ta haihu, a watan Oktoba na 2000 ta halaka jaririyarta mai wata 3 da kanta. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2003 ya gano cewa zamanta likita ya sa ta sami kulawar da ba ta kai ta sauran marasa lafiya ba. An riƙa duba ta a asirce a gefe, ba a sa ta cikin tsarin bibiya da a ke sa kowa ba, waɗanda ya kamata su san tarihinta kuma ba su sani ba. Wannan rahoto na cikin abubuwan da suka sa a 2008 aka buɗe wani asibiti na sirri a Landan domin likitoci kaɗai, a ƙarƙashin Likita Clare Gerada, wanda a 2019 aka faɗaɗa shi ya game Ingila duka.

AMFANI DA IYAKA

Amfanin fitowar irin waɗannan ma'aikata ba ƙarami ba ne. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2022 cewa babu abin da ke rage ƙyamar masu taɓin hankali kamar cuɗanya da wanda ya yi ciwon ya kuma ci gaba da rayuwarsa. Gani ya kori ji. Ɗalibin likita da ya ga farfesansa yana shan magani yana kuma koyarwa, ba zai ƙara kallon mara lafiya a matsayin wanda tasa ta ƙare ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da sanarwa cewa wannan gogewa tana iya zama alheri ga aikin, kuma faɗa ko rashin faɗa zaɓin mai abin ne.

Amma akwai iyaka. Wanda ya warke ta wata hanya yana iya ɗauka cewa ita ce hanyar kowa. Likita Daniel Fisher, wanda shi ma ya yi fama da sikizofireniya ya kuma kafa wata cibiya ta tsofaffin marasa lafiya a 1992 tare da Patricia Deegan, yana adawa da tilasta wa mutum magani. Torrey kuwa, da ya ga abin ta fuskar ɗan'uwa mai jinya, ya kafa tasa cibiyar a 1998 domin neman dokokin da za su sauƙaƙa tilastawar. Dukansu sun ɗanɗana, amma ba su ga abu ɗaya ba. Bugu da ƙari, lokacin ganin likita na mara lafiya ne, bai kamata ya koma sauraron labarin likita ba. Kuma akwai ranakun da ma'aikaci ba ya cikin halin da zai duba kowa, wajibi ne a sami wanda zai gaya masa haka, kamar yadda Farfesa Jamison ta tanadar wa kanta.

A NAN GIDA FA?

Nijeriya ba baƙuwa ba ce wajen sanin darajar mai jinya. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, inda a ke saukar da mara lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana. Har yau a asibitocin Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, dangi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jinya, cikin dangin nan kuwa har da nas-nas da likitoci.

A shekarun baya-bayan nan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa 'ya'yanta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 200. Inda ma'aikata ba su da yawa haka kowa ya san kowa, wanda ya kwanta kuwa a hannun ɗalibinsa ko abokin karatunsa zai kwanta. Ga kuma maganar aure, domin a wurinmu idan aka ce akwai taɓin hankali a gidan wane, har 'ya'yansa mata abin kan shafa. Ba abin mamaki ba ne idan ma'aikaci ya gwammace ya rubuta wa kansa magani a ɓoye, ko ya ce iska ce.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta hana nuna wa masu wannan larura bambanci, har da a wajen aiki, ta kuma kare sirrinsu. Abin da ya rage shi ne aiki da ita. Ya kamata ma'aikatun lafiya su shirya hanyar da ma'aikaci zai ga likita a wani asibiti dabam da nasa, fayil ɗinsa kuma kada ya bi ta hannun akawun ofishinsu. Ya kamata hukumomin ba da lasin da kwamitocin likitoci masu duba ma'aikatan gwamnati su tsaya kan tambaya guda, watau ko mutum yana iya aikinsa a yau, maimakon tonon abin da ya same shi shekara 10 da suka wuce. Makarantun likitoci da na jinya kuma su gaya wa ɗalibi tun shekarar farko ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan barci ya ƙaurace masa ko zuciyarsa ta yi nauyi.

Shugabannin ma'aikatu da ke karanta wannan shafi su ma da nasu aikin. Idan ma'aikaci ya kawo takardar asibitin ƙwaƙwalwa yana neman hutu, a karɓe ta kamar yadda a ke karɓar ta mai hawan jini ko ciwon sukari, kuma maganar ta tsaya a ofishin da aka kai ta. Ranar da nas ɗin Dawanau ko likitan Barnawa zai iya neman magani ba tare da ya ji tsoron rasa abincinsa ba, ranar ce sauran jama'a za su fara yarda cewa ciwon nan ana jinyarsa kuma ana komawa bakin aiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.